Mai Rubutu Don Jin Daɗin Kansa Da Mai Jiran Amsar Masu Karatu

Akwai wata jama'a a duniya wadda al'amarinta ya ke ba mutum mamaki ranar da ya fara jin labarinta. Mutane ne waɗanda suka karanta wani littafin hikaya, ko suka kalli wani wasan kwaikwayo, abin ya shiga ransu har suka kasa rabuwa da mutanen cikinsa. Labari ya ƙare, su kuwa ba su ƙoshi ba. Sai ɗayansu ya ɗauki alƙalami ya ci gaba daga inda mai shi ya tsaya, ko ya cike wani giɓi da aka bari a tsakiya, ko ya raya wanda aka kashe, ko ya ɗaura aure tsakanin waɗanda mawallafi ya raba. Ba a biyansu ko anini, ba su kuwa da ikon kai shi kasuwa, domin haƙƙin labarin yana hannun mai shi na asali. Galibinsu ma ba su sa sunansu na yanka, sai laƙabi.

Almajirin ilmi ba zai ga wannan baƙon abu ƙwarai ba in ya tuna da tahamisi. Alfazazi, mutumin Andalus wanda ya rasu a shekara ta 627 bayan Hijira, shi ya tsara Ishiriniya. Ibnu Mahibu ya zo daga baya, ƙaunarta ta kama shi, ya ƙara ɗango uku a gaban kowane baiti, suka zama biyar biyar, har yau kuwa da tahamisin nan a ke rera ta a ƙasar Hausa. Bambancin daraja tsakanin yabon Ma'aiki da hikayar nishaɗi ba ya ɓuya ga kowa. Amma halin ɗan Adam a nan iri ɗaya ne, watau so ya kan sa mutum ya gina ɗakinsa a jikin katangar wani.

To, a cikin jama'ar nan akwai wata gardama da ta daɗe ba ta mutu ba. Wani zai kwana uku ko wata uku yana tsara labari, ya sake shi ga 'yan'uwansa masoya, ya zauna yana jira. Shiru. Ya ga alamar an karanta, amma ba wanda ya ce masa sannu. Sai ya fito yana kuka, ya ce in haka ne ya ajiye alƙalami. Nan take waɗansu za su taso masa da nasiha, su ce, ai kai ka ɓata niyyarka, rubuta don jin daɗin kanka, kada ka kula da kowa. Shi kuma ya mayar musu, ya ce in don kansa kaɗai ne, me ya kai shi wahalar gyara da tsaftace rubutu, ai labarin yana nan cikin ƙwaƙwalwarsa, yana kallonsa kyauta duk sa'ad da ya rufe ido. Kowane ɓangare yana da hujja, mas'alar kuwa ba wasa ba ce, gama a kanta labaru da yawa suka tsaya a rabi, marubuta masu baiwa kuma suka bar rubutu ba su sake komowa ba.

Wanda ya ke son fahimtar gardamar sai ya duba yadda jama'ar ta samo asali. A shekara ta 1926 wani mutum a Amurka, Hugo Gernsback, ya kafa mujalla mai suna Amazing Stories, ta hikayoyin ƙirƙire-ƙirƙire da tafiya duniyoyin sama. Ya keɓe shafi don wasiƙun masu karatu, ya kan kuma buga wasiƙa tare da cikakken adireshin mai ita. Wannan ɗan abu shi ya haifi kome. Saurayin da ke zaune a wani ƙauye yana zaton shi kaɗai ne mai wannan sha'awa, sai ya ga adireshin wani irinsa, ya rubuta masa. Kafin a jima suka fara kafa ƙungiyoyi, a shekara ta 1930 kuwa wata ƙungiya a birnin Shikago ta fitar da 'yar mujallarta mai suna The Comet, wadda a kan lissafa ita ce ta fari cikin mujallun masoya.

Irin waɗannan mujallu suka yi ta yawaita. Mutum zai buga rubutu da tafireta a kan takardar kakin nan, ya ɗaura a injin gurza, ya juya da hannu har ya sami kofe ɗari ko biyu, ya ɗinke, ya sa a ambulan, ya biya kan sarki daga aljihunsa. Abin lura ga ɗan kasuwa shi ne farashin. Da yawa daga cikinsu ba kuɗi su ke nema ba. Ana samun mujalla ta ɗayan hanyoyi uku: ka aiko da taka mujallar a yi musaya, ko ka aiko da rubutu a buga, ko ka rubuto wasiƙa ka faɗi ra'ayinka a kan fitowar da ta wuce. Wanda ya karɓa sau biyu sau uku ya yi gum, sai a soke sunansa daga jerin waɗanda a ke aika wa. Watau wasiƙa ita ce kuɗin wannan kasuwa, da ita a ke biya, da ita a ke bin bashi. Har suna na musamman suka laƙaba wa daɗin da mutum ke ji in ya ga an ambace shi a takarda, ma'anarsa abin da ke ɗaga ran mutum, suna faɗinsa da raha amma ba su ƙaryata cewa shi su ke nema ba.

Daga nan sai wasan talabijin mai suna Star Trek ya fito a shekara ta 1966. Shekara ɗaya bayan haka waɗansu mata biyu a Niyu Yok, Devra Langsam da Sherna Comerford, suka fitar da mujallar Spockanalia, cike da rubuce-rubucen masoya a kan mutanen wasan. An daina shirya wasan a 1969, amma rubutun bai tsaya ba, sai ma ƙaruwa, mata kuwa su ne suka fi yawa cikin masu yinsa. Marubuciya a wancan zamani ta kan aika da labarinta ga mai mujalla, ta jira watanni kafin a buga, ta sake jiran watanni kafin wata fitowa ta zo da wasiƙun masu karatu, ta duba ko akwai layi biyu a kanta. Jira mai tsawo ne, amma yana da wata fa'ida ɓoyayya: kafin amsa ta iso, ta riga ta yi nisa cikin wani labarin, sabo da haka yabo ko suka ba su samun damar riƙe mata hannu tana tsakar aiki.

Don haka mai cewa neman amsa wata sabuwar cuta ce ta 'yan zamani bai san tarihin gidansu ba. Da wasiƙa aka aza harsashin gidan. Abin da ya sake shi ne sauri da ƙidaya. A shekara ta 2007 masoyan suka kafa ƙungiyar kansu, a 2009 suka buɗe wata babbar taska a intanet mai suna Archive of Our Own, wadda 'yan sa kai ke riƙe da ita da gudummawar jama'a. Rubuce-rubucen cikinta sun wuce miliyan 10 a shekara ta 2022, a 2019 kuwa aka ba ta lambar girma ta Hugo, wadda aka raɗa wa sunan mutumin nan mai buga adireshi. A taskar, kowane labari yana ɗauke da lissafinsa a goshi: sau nawa aka buɗe shi, mutum nawa suka danna alamar yabo, nawa suka rubuta magana. Ana iya jera labaru bisa ga yawan yabonsu, na sama a sama, na ƙasa a ƙasa. Ka ƙaddara maɗinkin hula ne aka rataya wa allo a bakin rumfarsa, ana rubuta duk wanda ya ɗaga hularsa ya duba ya ajiye bai ce kome ba, ga kuma allon maƙwabcinsa yana kallo daga safe har yamma. Ko mai zuciyar dutse ne sai hannunsa ya yi sanyi wata rana.

Wannan ma ba a nesa kaɗai ya ke ba. Marubutan littattafan soyayya da suka yawaita a Kano tun daga shekarun 1980 su kan fitar da labari kashi kashi, na 1 da na 2 da na 3, da kuɗin aljihunsu, su sa adireshi a ciki, masu karatu su rubuto. Magadansu na yanzu suna sakin labari shafi shafi ta wayar hannu, ba kuwa abin mamaki ba ne a ga marubuciya ta yi wa masu binta kashedi cewa in ba ta ga sharhinsu ba, ba za ta ci gaba ba.

Masu nasihar a rubuta don kai suna da wani dalili mai ƙarfi, har masana halayyar ɗan Adam sun gwada shi. A shekara ta 1973 Mark Lepper da David Greene da Richard Nisbett suka buga sakamakon wani gwaji da suka yi a makarantar yara ƙanana ta Jami'ar Stanford. Suka zaɓi yaran da suka lura suna son zane da kansu ba wanda ya sa su. Suka kasa su uku. Kashi ɗaya aka ce musu in sun yi zane za a ba su takardar shaida mai tambarin zinariya da jan ƙyalle. Kashi na biyu ba a faɗa musu kome ba, sai da suka gama aka ba su takardar ba zato. Na uku ba a ba su kome ba. Bayan mako ɗaya ko biyu aka sake ajiye alƙalumman zanen a aji, aka laɓe ana kallo. Yaran da aka yi wa alkawarin lada, lokacin da suka ɓata a kan zane bai wuce kamar rabin na sauran ba. Abin da dā su ke yi don daɗinsa ya koma musu aikin lada, da lada ta ɗauke sai sha'awa ta bi ta. Waɗanda ladar ta zo musu ba zato kuwa, ba abin da ya ragu gare su.

A wurin nan ya kamata a tsaya a yi nazari, domin mutane su kan ɗauki rabin darasin su bar rabi. Takarda ɗaya aka ba kashi na fari da na biyu. Abin da ya raba su shi ne na farin sun zauna zane idonsu na kan takardar. Haka nan Edward Deci, a gwajin da ya buga a 1971 a kan ɗaliban jami'a, ya ga biyan kuɗi yana rage sha'awar aiki bayan an daina biya, alhali kuwa kalmar yabo ta baki ba ta yi wannan ɓarna ba. Ashe ke nan yabo da kansa ba guba ba ne. Gubar tana cikin zaman jiransa, da auna aiki da shi tun aikin bai fito ba.

Malaman Larabci sun san ƙarshen wanda zaman jira ya cinye. Abu Hayyan Attauhidi, gwanin ƙarni na huɗu wanda ba a cika samun mai alƙalami irin nasa ba, ya yi yawo ƙofofin waziran zamaninsa, ya je wurin Ibnul Amid, ya je wurin Sahibu ɗan Abbad a birnin Rayyu, ya komo hannu wofi da baƙin ciki, har ya wallafa littafi guda na zambonsu su biyu. Da ya tsufa, wajen shekara ta 400 bayan Hijira, sai ya tara littattafansa ya cinna musu wuta. Wani alƙali abokinsa ya rubuta masa yana zarginsa, ya ba shi amsa da doguwar wasiƙa wadda Yaƙutu ya adana a littafinsa na tarihin marubuta. Abin da ya kafa hujja da shi shi ne ya zauna shekaru cikin mutanen da ba su san darajarsa ba, ba zai kuwa bar musu littattafan su yi ta neman kurakuransa bayan ransa ba. Abin da ya tsira daga aikinsa, kamar Al'imta'u wal Mu'anasa, ya tsira ne domin kofe ya riga ya fita hannunsa ya shiga hannun mutane, su ɗin nan da ya yanke ƙauna daga gare su.

Amma fa kada a yi gaggawar ba masu nasiha gaskiya duka. Akwai lokacin da marubuci ba shi ne ya fi kowa sanin aikinsa ba. Arthur Conan Doyle, likita a Ingila, ya ƙago wani mai binciken asirin laifi, Sherlock Holmes, a 1887, daga 1891 kuma mujallar Strand ta riƙa buga gajerun labarunsa, jama'a suka yi caa a kansu. Shi kuwa Doyle ransa yana ga manyan littattafan tarihi irin su The White Company, yana ganin su ne aikin kirki, Holmes ɓata lokaci ne. Tun a 1891 ya rubuta wa uwarsa cewa yana shawarar kashe shi, ta hana. A watan Disamba na 1893 ya cika nufinsa, ya jefa Holmes da abokin gabarsa cikin wani magangarin ruwa a ƙasar Suwizalan. Masu karatu suka yi ta aiko da wasiƙun fushi. Ya daure shekara takwas, sa'an nan a 1901 ya fitar da wani labarin Holmes yana cewa ya faru ne kafin mutuwar, a 1903 kuwa, da mawallafa suka zuba masa kuɗi mai tsoka, ya tashe shi sarai, ya ci gaba da rubuta shi har 1927. Yau littattafan tarihin nan da ya fi ƙauna kaɗan ne ke buɗe su, Holmes kuwa an fassara shi cikin harsuna barkatai, masoyansa sun kafa ƙungiya a Niyu Yok tun 1934, suna kuma cikin na gaba gaba wajen rubuta ci gaban labarin wani. A wannan shari'a dai masu karatu ne suka yi gaskiya.

Kalmar nan "don kaina na ke rubutu" ma tana bukatar a tankaɗe ta. Wanda ya rubuta ya sa a akwati ya kulle, to, shi ya faɗi gaskiya. Amma wanda ya gyara, ya yi masa take, ya kai dandalin da mutane ke taruwa ya ajiye, lalle akwai wanda ya ke so ya gani, faɗin haka kuwa ba abin kunya ba ne. Mai dafa tuwo don cikinta ba ta fitar da shi zaure. Sau da yawa mai kukan rashin amsa ba kirari ya ke nema ba. Ya ga wani abu a cikin labarin da su ke ƙauna su duka, wani hali na jarumin da ba wanda ya lura, yana so ya ji ko akwai wanda ya gani tare da shi. Hira ya zo yi. In aka ce masa je ka rubuta don kanka, kamar an ce wa baƙon da ya yi sallama ya je ya amsa wa kansa ne.

Mai karatu shi ma yana da nasa uzuri, ko da ya ke ba duka ne karɓaɓɓe ba. Wani kunya ke hana shi, wani yana tsoron ya faɗi abin da zai ɓata wa marubuci rai, wani harshen ba nasa ba ne, wani ya tarar labarin ya shekara biyar sai ya ɗauka mai shi ya daɗe da mantawa, alhali kuwa irin wannan saƙo na bayan shekaru shi ya fi kowane daɗi. Shiru ba ya nuna ƙi. Duk da haka wanda ya ci walima ya sha, ya suɗe hannu ya fice ba ko madalla, bai ci haƙƙin kowa ba a shari'a, amma ya gaza a ladabi. In kuwa duk mahalarta suka zama irinsa, baɗi ba za a ɗora tukunya ba, sa'an nan su ne za su fara tambaya ina mai gidan nan ya shiga. Mai walimar da ya tsaya a bakin ƙofa yana ƙidaya godiya shi ma ya mai da kyautarsa ciniki, cinikin da ba a yanke farashi ba kuwa da wuya a rabu lafiya.

Wadda ta fi kusa da warware ƙullin nan da aikinta ita ce wata mata a garin Amherst na Amurka, Emily Dickinson, wadda a kan kafa misali da ita in ana zancen rubutu don kai. Ta tsara waƙoƙi kusan 1,800, waɗanda aka buga tana da rai kuwa ba su fi kamar goma ba, su ma ba da sunanta ba. Ta kan kwafe su da kyau a takarda, ta naɗe, ta ɗinke da zare, har ta tara ƙananan kundaye 40, ba wanda ya san yawansu sai bayan ta rasu a 1886 ƙanwarta Lavinia ta buɗe akwati ta gani. Amma ita ɗin nan ce a watan Afrilu na 1862 ta ɗauki waƙa huɗu ta aika wa wani marubuci da ba ta taɓa gani ba, Thomas Wentworth Higginson, tana tambayarsa ko waƙarta tana da rai. Ita ce kuma ta aika wa Susan, matar wanta, waƙoƙi fiye da 250 cikin wasiƙu, gidansu kuwa yana jikin nasu. Ba ta nemi taro ba, ta zaɓi mutane ƙalilan waɗanda ta yarda da kunnensu, ta kuma riƙe wa kanta hukunci na ƙarshe. Higginson ya ga tsarinta ya saɓa wa ƙa'ida, ya ba ta shawara kada ta yi saurin bugawa. Ta gode masa, ta riƙa kiran kanta almajirarsa, suka yi shekara 24 suna musayar wasiƙa, sau biyu kaɗai suka haɗu ido da ido, amma ba ta sake salonta don ta gamshe shi ba.

Bayan rasuwarta shi da wata mata, Mabel Loomis Todd, suka fitar da kundin farko a 1890. Suka laƙaba wa waƙoƙin take alhali ita ba ta sa ba, suka daidaita amsa-amo a inda suka ga ya karkace, suka share yawancin 'yan sandunan da ta kan ja tsakanin kalmomi, don jama'a su iya haɗiyewa. Littafin ya karɓu, aka yi ta sake bugawa. Sai a shekara ta 1955 wani malami, Thomas Johnson, ya koma ga takardun hannunta, ya buga waƙa 1,775 kamar yadda ta bar su.